Tsakanin "dole" da "ya kamata": yadda Turanci ke ɗora wa mutum nauyi da ƙananan kalmomi

Ranar Asabar 12 ga Disamba 2015, wakilan ƙasashe 195 sun hallara a Le Bourget da ke bayan garin Paris, ana jiran a buga guduma a kan yarjejeniyar sauyin yanayi, sai zama ya ƙi farawa. An shafe fiye da awa guda ana ƙus-ƙus a gefe, kuma kalma ɗaya ce ta tsayar da taron. Lauyoyin tawagar Amurka sun hango cewa a sashe na 4, sakin layi na 4, inda aka ce ƙasashe masu arziki su ci gaba da jan gaba wajen rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, an rubuta "shall", wato dole, alhali "should", wato ya kamata, ita ce a wurin a daftarin da ya gabata. John Kerry, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, ya shaida wa shugaban taron, Laurent Fabius na Faransa, cewa ƙasarsa ba za ta amince da takardar a haka ba. Dalilinsu shi ne "shall" tana mai da maganar wajibin shari'a, abin da zai iya tilasta wa gwamnatin Obama kai yarjejeniyar gaban Majalisar Dattawa, inda sai an samu kashi biyu cikin uku, ga shi kuma 'yan adawa ne ke da rinjaye. Daga ƙarshe aka sanar cewa kuskuren buga rubutu ne daga ma'aikatan da suka kwana ba barci, aka mayar da "should" wurinta, aka buga guduma.

Irin wannan ruɗani ba manyan taruka kaɗai yake samu ba. Yana nan a takardar neman biza, a jikin kwalin magani, a takardar kama aiki, da jarrabawar WAEC da JAMB. Kalmomin, irin su "must", "shall" da "should", ba su da yawa, ɗan aji uku na firamare ma ya san su a baki, amma kowace tana amsa tambayoyi biyu da ba a cika koyarwa ba: wane ne ya ɗora wannan nauyi, kuma me zai biyo baya in an ƙi ɗauka?

Su wane ne waɗannan kalmomi

Masana nahawun Turanci suna kiran su "modal verbs", wato wasu mataimakan aikatau da ba sa nuna aikin kansa, sai dai matsayinsa: wajibi ne, an yarda da shi, ana iya yin sa, ko kuwa ana zatonsa. Na ainihi tara ne: "can", "could", "may", "might", "shall", "should", "will", "would" da "must", sai "ought" da ake haɗawa da su. Suna da ɗabi'u da suka raba su da sauran aikatau. Ba a liƙa musu harafin "s" ko da mutum ɗaya ake magana a kai, don haka "he must" ake cewa. Aikatau ɗin da ke biye da su tsurarsa yake zuwa, ba "to" a tsakani, in ka cire "ought to". Shi ya sa "you must to come" da ake yawan ji a bakin mutane kuskure ne a daidaitaccen Turanci. Ba sa neman taimakon "do" wajen tambaya ko korewa, kuma biyu daga cikinsu ba sa jeruwa a wuri ɗaya.

A gefensu akwai 'yan uwa na rabi da rabi: "have to", "have got to", "need to", "be supposed to", da "had better". Ma'anarsu ta kusanci ta na farko, amma yawancinsu suna sarrafuwa kamar kowane aikatau, suna da jiya da yau da gobe.

Tarihin kalmomin yana warware wani abu da ke damun ɗalibai. A tsohon Turanci na shekaru dubu da suka wuce, "must" sigar shuɗaɗɗen lokaci ce ta wani aikatau mai ma'anar "an yarje masa". "Should" shuɗaɗɗiyar sigar "shall" ce, ita kuwa "shall" asalin ma'anarta a bi mutum bashi. "Ought" ma shuɗaɗɗiyar siga ce ta kalmar da ta zama "owe" a yau, wadda ita ma bashin take nufi. Ke nan Bature daga bashi ya samo kalmomin wajibinsa, kamar yadda Bahaushe yake cewa abu ya rataya a wuyan wane. Tun da "must" a asalinta ta riga ta zama ta jiya, ba ta da wata sigar jiya da za ta koma. Mai son ya ce "jiya dole ta sa na tafi" sai ya ari "had to", mai maganar gobe kuma ya ari "will have to".

Ma'aunin da mai karatu ya riga ya sani

Duk wanda ya zauna a gaban malamin fikihu ya san hukunce-hukunce biyar: wajibi, mustahabbi, halal ɗin da yi da bari duk ɗaya ne, makaruhi, da haramun. Tsarin Turanci ya yi kusa da wannan sosai. "Must" tana zaune a mazaunin wajibi, "should" a na mustahabbi, "may" a na abin da aka bar wa mutum zaɓi, "should not" a na makaruhi, "must not" kuma a na haramun. Wannan kwatanci ne na tsari kawai, ba na hukunci ba, amma yana taimakawa fiye da jerin "mai ƙarfi, matsakaici, mai rauni" da littattafan makaranta suke bayarwa, domin yana tuna wa mutum cewa bambancin yana ga sakamakon bari.

Akwai wuraren da aka rubuta wannan tsari ƙarara. Littafin dokokin hanya na Birtaniya, wanda aka fara bugawa a 1931, ya bayyana a gabatarwarsa cewa duk ƙa'idar da aka rubuta da "MUST" ko "MUST NOT" doka ce, wanda ya saɓa ya aikata laifi, ana iya cin sa tara, a sa masa makin laifi a lasisi, a ƙwace lasisin, wani lokaci har ɗauri. Wadda aka rubuta da "should" kuwa shawara ce. Masu tsara ƙa'idojin intanet ma sun yi haka: a watan Maris na 1997 Scott Bradner na Jami'ar Harvard ya fitar da wata gajeriyar takarda mai lamba RFC 2119, wadda ta ƙayyade abin da "MUST", "SHOULD" da "MAY" suke nufi ga injiniyoyi, kuma har yau da ita ake aiki. Hukumar ƙa'idoji ta duniya, ISO, ta ware "shall" ga sharaɗi, "should" ga shawara, "may" ga izini, "can" ga yiwuwa.

Sai dai akwai inda kwatancin da mustahabbi yake karyewa. Wanda ya bar mustahabbi ba a tambayarsa dalili. Wanda ya bar "should" ɗin hukuma, ana iya tambayarsa. Littafin dokokin hanyar nan ya faɗa cewa rashin bin shawararsa ba laifi ba ne a karan kansa, amma ana iya kawo shi hujja a kotu don nuna wanda ke da alhakin haɗari. Takardar Bradner ma ta ce ana iya kauce wa "SHOULD" in akwai ƙwaƙƙwaran dalili, bayan an auna abin da zai biyo baya. Wato a rubutun hukuma, "should" na nufin: yi, ko kuma ka shirya bayanin abin da ya hana ka.

"Must" da "have to": ƙa'idar aji da abin da ake ji a baki

Ƙa'idar da aka saba koyarwa ita ce "must" daga mai magana take fitowa, "have to" kuma daga waje. Uba ya ce wa ɗansa "you must be home by nine", shi ne mai dokar. Ma'aikaci ya ce "I have to be at work by eight", dokar ofis ce yake ba da labarinta, dole ƙanwar na-ƙi. Haka nan "I must call my mother" nauyi ne da mutum ya ɗora wa kansa.

Malaman da ke riƙe da wannan ƙa'ida suna da hujja. Tana ba ɗalibi abin kamawa, tana nan da ranta a Turancin Birtaniya na rubutu, kuma a kanta ake gina tambayoyin jarrabawa da dama. Masu nazarin tarin rubuce-rubuce ta kwamfuta kuwa suna ganin ƙa'idar ta fi abin da ke faruwa a bakin mutane tsafta. Geoffrey Leech na Jami'ar Lancaster da abokan aikinsa sun kwatanta tarin rubutun Birtaniya da na Amurka na shekarar 1961 da makamantansu na farkon shekarun 1990, kowane tari mai kalmomi kimanin miliyan ɗaya. Sun tarar amfani da "must" ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100, "shall" da "ought" kuma sun faɗi fiye da haka, yayin da "need to" ta ninka. A hirar yau da kullum, musamman a Amurka, "have to" da "got to" sun kusa cinye gurbin "must" gaba ɗaya, ko daga ina nauyin ya fito.

Ba kowa ne ya yarda da duk abin da Leech ya fitar ba. A 2009 wani mai nazarin harshe, Neil Millar, ya bibiyi rubutun mujallar Time daga 1923 zuwa 2006, ya ce jimillar waɗannan kalmomi ƙaruwa ma ta yi, ba raguwa ba. Leech ya mayar da martani cewa mujalla ɗaya ba ta wakiltar harshe. Amma abin lura shi ne a kan "must", "shall" da "ought" bakinsu ya zo ɗaya: suna ja da baya.

Bayanin da aka fi bayarwa ya shafi zamantakewa. Al'ummomin da Turanci ne harshen uwa a wurinsu sun ƙara ƙyamar nuna iko a fili, "must" kuwa tana nuna wa ke sama, wa ke ƙasa. "Need to" tana juya umarnin ya zama kamar buƙatar wanda ake umarta ce. Shugaban ofis da ya ce "you need to send this by Friday" bai rage komai daga umarninsa ba, tufafi kawai ya sauya masa. Akwai ma abin da ya fi wannan laushi a baki, irin su "you might want to check that again", wanda a zahirinsa yake cewa mai yiwuwa ka so ka sake dubawa, a baɗininsa kuwa hannunka-mai-sanda ne: akwai kuskure, gyara. Ma'aikaciyar jinya ko ɗalibin da ya taso da Turancin sanarwar gwamnati irin ta "all staff are to report" yana iya jin wannan ya ɗauka zaɓi aka ba shi. Haka kuma in ya juya ya ce wa abokin aikinsa "you must do it now", sai a ji kamar yana ba da oda ga wanda ba yaronsa ba.

"Must" tana da wasu ayyuka biyu da ba su da alaƙa da umarni. Na farko karamci: "you must try this soup" daidai yake da matar gida ta ce wa baƙo wallahi sai ka ɗanɗana. Na biyu hasashe mai ƙarfi: "he must be tired" ba tilasta masa gajiya ake yi ba, cewa ake lalle ya gaji, ganin irin tafiyar da ya sha. Hausa ma tana yin haka da "dole": dole ya gaji mana. Kishiyar wannan hasashe a Turanci "can't" ce, kamar a "he can't be tired", wato ba yadda za a yi a ce ya gaji.

Inda gizo ke saƙa: korewa

In an ce "you must go" da "you have to go", Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Da zarar korewa ta shigo sai su rabu, kowa ya kama gabansa. "You must not go" hani ne: kada ka je. "You don't have to go" sauke nauyi ne: ba sai ka je ba, in ka ga dama ka je, in ka ga dama ka zauna.

Hausa ba ta da matsala da wannan bambanci ko kaɗan. Ba Bahaushen da zai rikita "kada ka zo" da "ba sai ka zo ba". Abin da ke kawo ruɗanin shi ne ɗalibi ya riga ya haddace cewa "must" da "have to" abu ɗaya ne, sai ya zaci korarrunsu ma ɗaya ne. Sirrin yana ga abin da korewar ta faɗa wa. A "must not", wajibin yana nan daram, aikin ne aka kore: dole ne a bar zuwa. A "don't have to", wajibin kansa aka kore: zuwa ba dole ba ne. "Needn't" da "don't need to" suna ɓangaren sauke nauyi, shi ya sa tambayar jarrabawa irin ta "Must I come tomorrow?" amsarta ta a'a "No, you needn't" ce. Wanda ya zaɓi "No, you mustn't" ya hana mai tambayar zuwa ke nan, alhali cewa kawai ake so a yi an ɗauke masa.

A aji maki ɗaya ake asara. A waje abin ya fi haka. Takardar magani da ta ce "must not be taken with alcohol" ko "must not be given to children under 12" gargaɗi ne na haɗari. Likitan da ya ce "you don't have to fast before the test" sauƙi ya yi wa majiyyaci, bai hana shi komai ba. Mai cike fom ɗin biza da ya karanta "you do not have to provide" a kan wata takarda, ya fahimci an haramta masa haɗa ta, ko ya karanta "you must not" ya ɗauka zaɓi ne, duk biyun sun yi karatun baibai, amma na biyun ne zai iya rasa kuɗinsa da bizarsa.

"May not" ta fi su duka santsi, domin fuska biyu gare ta. "Candidates may not leave the hall" hani ne, ba a yarda su fita ba. "The results may not come out today" zato ne, mai yiwuwa ba za su fito ba. Mahallin magana kaɗai ke raba su, kuma saboda haka ne masu tsara dokoki da yawa a yanzu suke guje mata su rubuta "must not" kai tsaye.

Shawara, zargi da barazana

"Should" ita ce "ya kamata". Tana ba da shawara, tana bar wa mutum ƙofa: "you should see a doctor". Tana kuma nuna abin da ake sa rai bisa al'ada, kamar "the bus should arrive by four", mota dai ya kamata a ce ta iso kafin ƙarfe huɗu. "Ought to" ma'anarsu ɗaya, sai dai ta tsufa, ba a cika jin ta a tambaya ko korewa ba.

Da an ƙara "have" da sigar aikin da ya wuce, shawara ta zama zargi. "You should have told me" na nufin ba ka faɗa mini ba, kuma ka yi laifi: ai da ka gaya mini. "You shouldn't have gone" kuwa ka je, bai kuma kamata ba. A nan ma akwai tagwayen da ba su yi kama ba. "I didn't need to pay" yawanci na nufin biya bai zama dole ba, don haka ban biya ba. "I needn't have paid" na nufin na riga na biya, daga baya na gane asara na yi.

Wadda ta fi yaudarar mai koyo ita ce "had better". Ganin "better" a ciki yana sa a ɗauka lallashi ne, ganin "had" kuma yana sa a ɗauka maganar jiya ce. Ko ɗaya ba haka ba ne. Maganar yanzu ce ko nan gaba kaɗan, kuma tana ɗauke da "in ba haka ba" a ɓoye. "You had better pay him today" ta yi daidai da gara ka biya shi yau tun ana ganin juna da mutunci. Aboki yana iya faɗa wa aboki, uwa ta faɗa wa ɗa. Ƙaramin ma'aikaci da ya rubuta wa shugabansa haka da niyyar ladabi ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Korarriyarta "had better not" ce, "not" a ƙarshe.

Masu karatu a Nijar, Kamaru da Chadi da suka zo wa Turanci ta hanyar Faransanci suna da nasu tarkon. A can aikatau ɗaya ne, "devoir", yake ɗaukar nauyin duka biyun, sigarsa kawai ake sauyawa: "tu dois" dole, "tu devrais" ya kamata. Mai fassara kai tsaye yakan zuba "must" a duk inda ya ga wannan aikatau, sai shawararsa ta fito da kaushin umarni.

"Shall" a hannun lauyoyi

A bakin talakan Bature "shall" ta kusa mutuwa, in ban da tambayar tayi irin ta "shall we go?". A takardun shari'a kuwa tana nan birjik, kuma a can ba "za a yi" take nufi ba, "wajibi ne a yi" take nufi. Wanda ya sa hannu a yarjejeniyar haya mai cewa "the tenant shall pay" bai yi alkawarin nan gaba kawai ba, ya ɗaure kansa.

Lauyoyin kansu sun rabu biyu a kanta. Masu neman a sauƙaƙa harshen doka suna cewa an yi wa kalmar lodi har ta daina nufin abu ɗaya: a takarda guda za ka same ta tana nufin wajibi a nan, nan gaba a can, izini a wani wurin. Kotun Ƙolin Amurka da kanta ta lura, a wata shari'a ta 1995, cewa masu rubuta doka kan yi amfani da "shall" a inda suke nufin "should", "will" ko ma "may". Ofishin da ke tsara wa majalisar Birtaniya dokoki ya koma rubuta "must", haka ma ƙa'idojin sauƙaƙa rubutu da hukumomin tarayyar Amurka ke bi, waɗanda dokar da Obama ya sa wa hannu a 2010 ta ƙara wa ƙarfi. Masu kare "shall" kuwa suna cewa kotuna sun shafe ɗaruruwan shekaru suna fassara ta, kowa ya san inda ta dosa, sauya ta buɗe sabuwar ƙofar gardama ne. Suna kuma ganin "must" ta yi tsauri a yarjejeniya tsakanin abokan ciniki biyu da ba wanda ke mulkin wani.

Abin da ya faru da ƙa'idojin shari'un farar hula na kotunan tarayyar Amurka ya ba kowane ɓangare abin faɗa. A 2007 aka sake musu salo, aka tsince "shall" daga cikinsu. A ƙa'ida ta 56, wadda ta shafi yanke hukunci ba tare da cikakken zaman shari'a ba, aka maye gurbinta da "should". Nan take gardama ta tashi: alƙali yana da zaɓi ke nan ko ba shi da shi? Aka kasa daidaitawa a kan "must" ko "should", sai a 2010 aka dawo da "shall" ɗin da aka kora.

A Najeriya, inda da Turanci ake rubuta dokokin tarayya, kotuna sun saba ɗaukar "shall" a matsayin wajibi, "may" kuma zaɓi, amma sukan ce mahalli yana iya juya kowace. Ba kuma kalmar kaɗai ake dubawa ba, har da abin da ke biye da ita. Sashe na 18 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce gwamnati "shall" ta samar da ilimin firamare kyauta kuma tilas, amma ya sa sharaɗin "as and when practicable", wato in hali ya yi. Ƙari a kan haka, sashe na 6, ƙaramin sashe na 6, sakin c, ya hana kotuna sauraron ƙara a kan babi na biyu gaba ɗayansa, inda sashe na 18 yake. Sai da aka yi dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE a 2004 sannan "shall" ɗin ta samu haƙora, har ta hau kan iyaye: wanda ya ƙi sa ɗansa a makaranta, karo na farko a ja masa kunne, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan haka naira 5,000 ko wata biyu.

Rikicin tura sakamakon zaɓe ta na'ura ma a kan irin waɗannan kalmomi ya gudana. A watan Yuli na 2021 Majalisar Dattawa ta amince da sigar da ta ce hukumar zaɓe "may consider" tura sakamako ta intanet, in hukumar sadarwa ta NCC ta tabbatar akwai isasshen sabis, majalisa kuma ta yarda. Aka yi ca a kansu, suka janye a watan Oktoba. Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu ranar 25 ga Fabrairu 2022 ta ce jami'in rumfa "shall" ya miƙa sakamako, amma ta hanyar da hukumar ta tsara. Masu ƙara bayan zaɓen 2023 sun dogara da cewa ƙa'idojin INEC sun wajabta ɗora sakamako a shafinta. Kotun Ƙoli, a hukuncinta na 26 ga Oktoba 2023, ta ce rashin ɗorawar bai isa ya rushe zaɓen ba. Wajibin miƙawa yana cikin dokar ta 2022, amma zaɓin hanya a lokacin an bar wa hukumar.

Wanda abin ya fi shafa

Ɗalibin da ke shirin WAEC, NECO ko JAMB ya fi samun riba in ya riƙe ƙa'idar aji yadda take, domin da ita za a auna shi: "had to" don jiya, "needn't" don sauke nauyi, ba "to" bayan "must" da "should". Wanda zai rubuta jarrabawar Turanci ta IELTS ko zai yi aiki a cikin Turawa yana buƙatar ƙarin sani na biyu, wato ya gane umarni ko da ya zo sanye da rigar shawara, ya kuma iya sassauta nasa. Mai sa hannu a takardar haya, bashin banki ko kwangila, abin da ya fi masa amfani shi ne ya bi takardar ya ga wa aka rubuta wa "shall", wa aka rubuta wa "may". Ba abin mamaki ba ne a tarar duk wajiban suna kan mai karɓar bashi, duk zaɓin kuma yana hannun mai bayarwa.

Nauyi mafi girma yana kan masu fassara, domin miliyoyin masu sauraron rediyo ba za su taɓa ganin asalin takardar ba. Lokacin da Boris Johnson, firaministan Birtaniya na lokacin, ya ce wa 'yan ƙasarsa "you must stay at home" saboda annobar korona a daren 23 ga Maris 2020, dokar da ta ba 'yan sanda ikon tilastawa ba ta fara aiki ba sai ranar 26 ga watan. Bayan ta fara ma, maganar fita motsa jiki sau ɗaya a rana shawarar gwamnati ce a Ingila, ba ta cikin dokar, alhali a Wales an rubuta ta a doka. Turawan da kansu, har da wasu 'yan sandansu, sun yi ta cakuɗa biyun. Mai fassara irin wannan sanarwa zuwa Hausa yana da kayan aiki isassu: dole, tilas, wajibi, lalle, sai, ya kamata, ya dace, an so, gara, kada, ba sai. In ya fassara "should" da "dole", ya ƙirƙiri dokar da babu ita. In ya fassara "shall" da "za ta", kamar a ce "gwamnati za ta samar da ilimi kyauta", mai sauraro zai ji alkawarin ɗan siyasa ne, alhali abin da ke rubuce cewa yake wajibi ne a kanta.